Kokawar Dammai

Ƙauyenmu yana kudu da Tambuwal, a kan hanyar da ta nufi Kebbe. Ni ne babba a 'ya'yan mahaifina maza. Na yi elementare har aji huɗu, sannan ya cire ni, ya ce gandu na bukatar hannu. Abin da zan faɗa ya soma ne a kakar da aka samu mulkin kai, ya ƙare shekaru da dama bayan nan. Zan kawo shi bi da bi yadda ya zo, domin ba na son labarin da ake tsallake tsakiyarsa.

Sai na fara da geron kansa. Kakana ne ya zo da shi daga ƙasar Kebbe, can wajen Fakku, lokacin da ya taso ya sari dajin da ya zama gonarmu. Ban tarar da kakan nawa da rai ba, amma na tarar da geronsa. Zangarniyarsa doguwa ce, kuma tana da gashi mai tsini da ya lulluɓe ƙwaya, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta ya ci. Yana nuna da wuri. Lokacin da maƙwabta ke yini a gona suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye, mu muna can muna gyaran gyaɗa. Furarsa fara ce, tana da ɗan gardi ko ba a sa mata komai ba. A duk ƙauyen ba mai irin wannan gero sai mu. Mahaifina bai cika magana a kan ubansa ba. Idan ya so ya ambace shi, sai ya ce, "mai geron nan."

Na biyu, yadda ake zaɓen iri. Sauran manoma in za su ajiye iri sai su shiga cikin dammai su dudduba, wanda ya burge su su ɗauka. Mahaifina ba ya haka. Shi yana da tsari, kuma ya ce a wurin ubansa ya gan shi. Idan an gama yanka, gero ya bushe, an ɗaure, sai a kwaso dammai a jera su a filin ƙofar gida, layi ɗaya dogo, a kan yadda suka iso daga gona. Sai ya ɗauki sandarsa ya bi layin, ya tsaya a tsakiya, ya ja zane a ƙasa. Dammai sun rabu ke nan, na dama da na hagu. Ya bar na hagu kamar babu su. Ya koma tsakiyar na dama ya sake jan zane. Ya ɗauki rabi ɗaya ya sake raba shi. Haka zai yi ta yi har ya kai inda dami biyu kawai suka rage tsakanin zane da zane.

Nan ne ake kokawa. Haka yake kiranta, don ya yi kokawa da ƙuruciyarsa. Zai kama igiyar dami na farko ya ɗaga ya ji nauyi, ya ajiye, ya ɗaga na biyu. Sannan ya zaro zangarniya daga cikin cikin kowanne, ba daga baya ba, don mai ɗauri kan sa masu kyau a waje. Ya murza a tafin hannu, ya hure, ya duba. Ƙarshe ya sa ƙwaya a haƙori ya ciza. Kullum a wannan jeri, nauyi, murza, cizo. Wanda ya yi nasara a tsayar da shi, wanda ya faɗi a kwantar. Sai ya matsa ga biyun da ke kusa ya yi musu haka. Sai a haɗa masu tsayuwar nan biyu su kara, wanda ya rage ya tsaya a madadin huɗu. Haka ake hawa har ɓangaren dama ya fitar da nasa guda. Sai a lokacin ne zai waiwayi hagu, ya yi masa yadda ya yi wa dama, daga rabo har zuwa kokawa. In wani dami ya rasa abokin karawa, sai ya jira zagaye na gaba.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai duba su gaba ɗaya ya zaɓa ba, a huta. Ya ce, "Ido in ka ba shi goma ruɗewa shika yi, shi ɗauki wanda yag gani daga ƙarshe. Ba shi biyu, ba shi yi maka ƙarya." Daga nan ban sake tambaya ba, don na ga gaskiyarsa, kuma ni ma Allah ya yi ni mai son abu a jere.

Na uku, ajiya. Wanda ya kada kowa shi ne gwarzo, shi ne irin baɗi. Wanda gwarzo ya kada a karon ƙarshe shi ake kira magaji, ana ajiye shi don ko shuka ta lalace a sake. Su biyun ake sa wa a cikin ƙaramar rufewa ta laka, a rufe bakinta a liƙe da ƙasa, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Sauran kuwa a rumbu ake jera su, waɗanda suka daɗe a tsaye a sa su ƙasa, waɗanda suka faɗi da wuri a sa su sama. Saboda haka wanda ya faɗi a karon farko shi ake fara ci. A tunanin mahaifina, da nawa, da na kowa a gidan, wanda ya kai karon ƙarshe shi ne na biyu a kyau. Ba wanda ya taɓa tuhumar wannan, domin a shekarun wadata dammai kusan duk ɗaya suke, ko wanne ka shuka zai fito.

To, daminar shekarar mulkin kai ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke zuba ƙwaya. Gonarmu jigawa ce, sai wani ɗan kwari a kusurwar gabas inda ruwa ke kwanciya. Duk abin da ke kan tudu ya fito da ƙwaya sirara, wata ma ba ta cika ba. Kwarin ne kaɗai ya ba da gero na sosai, kuma abin da ya bayar dami biyu ne. Ni na ɗaure su, ni na ɗora su kan jaki tare, ɗaya a dama ɗaya a hagu, don nauyinsu ya yi daidai. Da yake su aka fara kawowa, su ne suka zauna a farkon layi, kafaɗa da kafaɗa.

Ranar kokawa ta faɗo a kwanakin bikin mulkin kai. Samarin ƙauye duk sun tafi Tambuwal kallo, an ce ana raba tuta ga 'yan makaranta. Ni ma na so zuwa. Mahaifina ya ce mulkin kai ba zai gudu ba, amma gara na iya shiga dammai. Na zauna ina ɗaga masa kaya.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke sauka gonarmu da shanunsa kowace kaka, su ci kara su bar mana taki. Sun daɗe da mahaifina, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo ya tsaya da sanda a kafaɗa yana kallo.

"Kaɗo, har yanzu kana nan kana haɗa kara faɗa da kara?"

"Ina nan. Kai da ba ka san kan gero ba sai a cikin ƙwarya, matsa min daga kan zane."

"Bana ai ba kokawa ba ce, jana'iza ce. Dubi wanga, ko akuyata ba ta gaishe shi."

"Akuyarka ta fi ka ladabi."

Suka yi dariya, mahaifina ya ci gaba da jan zanensa.

Karon farko shi ne na damman kwarin nan biyu. Ina tuna shi sarai, don ban taɓa ganin ya daɗe a kan karo ɗaya haka ba. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya sake ɗagawa. Ya murza, ya hure, ya kawo tafin hannunsa kusa da ido. Ya ciza sau da yawa. Har Bafulatanin ya ce ko a kawo alƙali daga Jabo ya raba su. Daga ƙarshe mahaifina ya dafa ɗaya ya ce, "Wanga ya ɗara da kaɗan. Kwantar da ɗan'uwan." Na kwantar. Daga nan wanda ya tsaya bai sake samun abokin karawa na kirki ba. Duk wanda aka kawo masa, ɗagawa ɗaya ta isa. Ɓangaren hagu, wanda duk geron tudu ne, ya fitar da nasa, mai dama-dama a cikin marasa kyau. Karon ƙarshe bai ɗauki komai ba. Mahaifina bai ma ciza ba. Aka sa gwarzo da magaji a rufewa, na kwaɓa ƙasa, ya liƙe da hannunsa. Ɗan'uwan gwarzo kuwa, da yake ya faɗi a karon farko, shi ne ya hau can saman rumbu.

Bayan 'yan kwanaki Inna, mahaifiyata, ta sa aka sauko mata da damin da ke can saman rumbu. Tana cikin sussuka ta tsaya. Ta ɗebo tsabar a faifai ta fito zaure, inda mahaifina ke tufkar igiya, ni kuma ina gyara ƙotar fartanya. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta tura faifan gabansa.

"Malam, dubi wanga."

Ya duba. "Na gani."

"Wanga ba na ci ba ne. Tun da nika sussuka bana ban ji taɓarya ta yi nauyi haka ba."

"Ya faɗi."

"Wa yak kada shi?"

"Wanda yaf fi shi."

"Ban ce bai fi shi ba," in ji ta. "Cewa nika yi, shi wanga da anka kira magaji, ya fi wanga?"

Mahaifina ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa. Ya ce, "Magaji ya kada duk na hagu kafin shi iso inda yat tsaya. Wanga ko guda bai kada ba. Ki tafi ki yi mana tuwo."

Ta dube ni. Na gane abin da take so. Na ce, "Baba, ko a buɗe rufewa a haɗa su, karo ɗaya kawai, a sake liƙewa?"

Bai ɗaga kai ba. "Ba a buɗe rufewa kafin ruwa. In ka buɗe, ka ba ƙwaro hanya. Kuma in na tada wanga, sai in tada duk wanda yaf faɗi, kowanne da mai yi masa kuka. Ina ƙarshen abin?"

A raina na ji akwai abin da bai zauna daidai ba, amma na kasa kama shi in nuna. Maganarsa a jere take, tawa kuwa ji ne kawai. Kuma ko da na kama shi, ɗa ba ya mayar wa ubansa magana sau biyu a zaure. Inna ta ɗauki faifanta ta koma ciki. Da la'asar muka ci tuwon. Ban ci mai daɗinsa ba a duk shekarar, kuma ba wanda ya yaba shi da baki.

Rani ya zo, rumbu yana sauka da sauri, don dami ukun bana ba su kai ɗayan bara ba idan an sussuke. Kafin bazara ta yi nisa mun koma cin abinci sau ɗaya a yini, ana haɗawa da tafasa da rama. A cikin wannan hali matata ta haihu, haihuwarta ta fari. Ta sha wuya, ruwan nono ya ƙi zuwa, jaririn yana ta kuka har muryarsa ta dushe. Mata suka yi abin da suka sani a cikin gida, bayan kwanaki nono ya zo, yaro ya rayu. Ni ban tambayi yadda aka yi ba, ba hurumina ba ne.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ƙasa ta jiƙe har ta fi tsawon hannu. Mahaifina ya fasa bakin rufewa, muka fito da gwarzo, aka sussuke. Shi yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Dami ɗaya ya ishi gandun daidai, bai rage ba. Tsiron da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Kowane rami ya cika, layi ya miƙe kore shar daga bakin hanya har kwari. Mahaifina kan tsaya a bakin gona da hantsi, hannu a baya, yana kallo.

Sai ruwa ya ɗauke. Hadari kan haɗu ta gabas da yamma, ya yi duhu, iska ta taso ta watsa shi. Muna ji ana cewa an yi ruwa a Sanyinna, an yi a wani wuri, mu ko ɗigo. Tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da safe. Daga baya ya daina warwarewa. An fita roƙon ruwa, mun fita tare da kowa. Mun gwada ɗebo ruwa daga rijiya a tulu muna zuba wa na kwari, amma rijiyar ita ma ta ja baya, mata na jiran ta taru kafin su samu na sha. Kowace safiya nakan bi layi in duba. Wanda na bari jiya da ɗan kore a tsakiya, yau na tarar ya zama kamar ciyawar rufin ɗaki. Ba abin da za ka yi wa tsiro mai jin ƙishi in ba ka da ruwa. Sai ka tsaya a kansa kawai. Lokacin da ruwa ya dawo, babu abin da ya tarar da rai.

Sai aka koma ga magaji. Inna ta sussuke shi ta sheƙe, ta kawo a ƙwarya. Abin da ya fita bai kai rabin na gwarzo ba, kuma yawancinsa ƙwaya ce sirara da ba ta cika ba, in ka matsa da farce sai ta lotsa. Mahaifina ya zuba hannu a ciki, ya ɗebo, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya sake. Ya daɗe a haka. Rumbu a lokacin ya kai ƙasa, abin da ya rage a ciki bai fi wannan ba.

Sannan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya tashi ya shiga cikin gida har bakin madafa, inda Inna ke hura wuta. Na bi shi da ƙwaryar. Ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya yi magana a hankali.

"Wancan da kinka kawo min a faifai. Kin rage wani abu?"

Ba ta juyo ba. "Na rage. Na ɓoye a tulu, ƙarƙashin gado."

Na ga kafaɗunsa sun ɗaga.

"Maijego ta sha," in ji ta. "Da nono yaƙ ƙi zuwa. Na gwada na rumbu, kunun ruwa-ruwa shika yi, ba shi riƙe ciki. Shi kaɗai ad da ƙarfi a gidan ga. Na daka shi sau uku, na ukun na kakkaɓe tulun."

Daga ɗakin matata ana jin yaron yana wasa da muryarsa. Mahaifina ya tsaya yana saurare. Ya ce, "Kin yi daidai." Ya juya ya fita. Inna ta ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama.

Muka shuka magaji. Bai ishi gandu ba, sai muka sa shi a kwari da abin da ke kewaye. Kafin ya fito, mahaifina ya aike ni Fakku wurin kawuna, wan Inna, domin shekarun baya mahaifina ya taɓa ba shi irin geronmu. Na tafi a ƙasa, na kwana a hanya. Na tarar da kawu a gona. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗana, ka sha tafiya a banza," in ji shi. "Zo ka gani."

Ya kai ni rumbunsa ya zaro zangarniya daga ragowar irinsa. Gajera ce, kai sumul, sai ɗan gashi tsilli-tsilli a wuya. Ya ce gonarsa a tsakiyar gonakin mutane take, gero kuwa yana ɗaukar halin maƙwabcinsa. Shekara ta farko ya fito da gashinsa, ta biyu ya rage, yanzu ga abin da ya saura. Na tambayi tsofaffin garin ko akwai mai irin na da. Wani ya ce ya san shi, uban wane yana da shi, amma sun tashi. Wani ya ce tun yana yaro rabonsa da ganinsa. Kawu ya ba ni abin da zai iya, na ɗaure a gefen riga na dawo. Mahaifina ya kwance ƙullin, ya duba, ya mayar ya ɗaure, ya miƙa wa Inna ya ce a yi kunu.

Magaji ya fito, amma jefi-jefi. Rami ɗaya ya tsira, biyar babu. Waɗanda suka fito ma sirara ne kamar zare, wasu suka mutu kafin noman fari. Sauran gandu yana nan fili, damina tana tafiya. Mahaifina ya san abin da zai biyo baya in aka shuka baƙon gero kusa da namu, don ya ji labarin Fakku daga bakina. Ya so a bar tudun haka nan, ko a sa wake kawai. Inna ta ce masa, "Malam, bakuna nawa ag gidan ga? Wake kaɗai za su ci har baɗi?" Dawa kuwa ba ta yi a jigawarmu. Ya yi kwana biyu yana juya maganar. A na uku ya kwance akuya ya ba ni, ya ce in kai kasuwar Tambuwal in sayo iri. Na tambaye shi wane iri. Ya ce, "Wanda kas samu."

Na sayo, muka shuka, ya fito, ya yi. Ba mu mutu da yunwa ba. A kakar nan mahaifina ya bi kwari da wuƙa shi kaɗai, yana yanke masu gashi ɗaya-ɗaya, ya tara abin da bai cika runguma ba. Ya shuka su daban a shekara ta gaba, can ƙarshen kwari, ya bar fili tsakaninsu da sauran. Abin da ya fito rabi da gashi, rabi babu. Ya sake tsincewa. Shekarar da ta biyo gashin ya gajarce, tsuntsaye suka fara sauka. Ina ganinsa yana bin gona a lokacin da gero ya fitar da kai, yana lanƙwaso kara yana shafa zangarniya da yatsa, ya saki, ya kama na gaba. Ba abin da zan iya ɗauke masa a wannan aiki. Nakan bi shi a baya kawai da kwando, kwandon kuma kullum yana raguwa. A kaka ta huɗu ya shiga gona tun safe, ya fito da azahar da zangarniya biyu a hannu. Ya rataye su a zaure. Bai shuka su ba.

A wannan kaka na jera dammai a ƙofar gida kamar kullum, na kawo masa sandarsa. Bafulatanin nan ya iso da shanunsa, ya tsaya.

"Kaɗo, yau ba a kokawa? Na zo kallo."

"'Yan kokawa sun ƙare," in ji mahaifina. Ya dube ni ya ce, "Zuba su rumbu yadda sunka zo. Ka ɗebi guda ka aje."

Bafulatanin ya dubi fuskar mahaifina. Ya zauna kusa da shi a kan kututture, suka yi ta kallona ina ɗaukar kaya.

Ni kuwa maganar Inna ta ƙi barina, wato wa ya kada ɗan'uwan gwarzo. Wata rana da rani na zauna a gindin bango na tara tsakuwoyi manya da ƙanana, na jera su, na ja zane da tsinke yadda mahaifina ke yi. Na sa manyan biyu a farkon layi. Na yi kokawar har ƙarshe. Babbar ta fito, ba shakka a kanta. Na sake jera su ta wata fuska, ita ta sake fitowa. Ko yaya na jera, tsarin ba ya kuskuren gwarzo. Amma wadda ke zuwa karon ƙarshe tana canzawa da yadda aka jera. Sai na ga abin a fili. Na biyu a kyau ba wanda zai iya kada shi sai gwarzo, amma gwarzo na iya haɗuwa da shi a ko'ina, a karon ƙarshe ko a na farko. Don haka magaji na gaskiya yana cikin waɗanda gwarzo ya kada da hannunsa, su kuwa ba su da yawa, ɗaya ne a kowane zagaye. Ba sai an tada duk wanda ya faɗi ba, kamar yadda mahaifina ya ji tsoro. Waɗannan 'yan kaɗan kawai za a tayar su kara a tsakaninsu. Aikin bai kai na shan ruwa a gona ba. Da mun san haka, da ɗan'uwan gwarzo ya shiga rufewa.

Na daɗe ina shawarar ko in nuna masa. Na ɗebi tsakuwoyin a aljihu har zaure sau biyu. Na tarar da shi zaune ƙarƙashin zangarniyun nan da ya rataye, gashinsu ya fara kaɗewa. Ban fito da su ba. Ba abin da sanin zai dawo masa da shi. Ya rasu bai ji ba.

Da gandu ya dawo hannuna na mayar da kokawar, da gyaranta. Nakan raba, in raba, in haɗa biyu-biyu, nauyi, murza, cizo. In gwarzo ya fita, sai in tayar da duk wanda ya faɗi a hannunsa su sake karawa, wanda ya tsaya shi ne magaji. Ɗana na fari, wanda aka daka wa uwarsa geron tulu, na koya masa tun yana saurayi, kuma hannunsa ya fi nawa jin nauyi. Ba mu taɓa kuskuren magaji ba tun daga nan. Geron da muke zaɓa kuwa na kasuwar Tambuwal ne, gajere, kai sumul. Da kaka mu ma muna yini a gona muna kaɗa gwangwani.